Saadat Hasan Manto: Marubucin da ya yi wa Indiya da Pakistan ba'a da labarin asibitin mahaukata

A ranar 18 ga Janairun 1955 wani marubuci ɗan shekara 42 ya rasu a birnin Lahore na ƙasar Pakistan, bayan ciwon hanta ya ci ƙarfinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata uku, ya bar bashi, ya kuma bar tarihin gurfana a gaban kotu har sau shida a kan abin da ya rubuta. Shekara 57 bayan haka, a ranar 14 ga Agustan 2012, gwamnatin Pakistan ta ba shi lambar girmamawa ta Nishan-e-Imtiaz, ɗaya daga cikin manyan lambobin da ƙasar take bai wa farar hula.

Sunansa Saadat Hasan Manto. Masana adabin Urdu da dama suna ɗaukarsa a matsayin gwanin gwanayen gajerun labarai a wannan harshe, wanda ake rubuta shi da haruffan Larabci, kuma miliyoyin mutane ke magana da shi a Pakistan da arewacin Indiya. Abin da ya fi fito da shi shi ne yadda yake amfani da ba'a da gugar zana wajen nuna wa al'ummarsa halinta. Mai karatu zai fara da murmushi, kafin ya kai ƙarshen shafi murmushin ya ɗauke.

Yaron da ya faɗi jarrabawar Urdu

An haifi Manto a ranar 11 ga Mayun 1912 a kusa da garin Samrala da ke gundumar Ludhiana a yankin Punjab, lokacin Indiya tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Iyayensa Musulmi ne 'yan asalin Kashmir. Mahaifinsa, Ghulam Hasan, alƙali ne mai tsanani a gida, mahaifiyarsa Sardar Begum kuma ita ce matarsa ta biyu. 'Yan uwansa na ɗakin uwargida an tura su Ingila karatu, shi kuwa ya taso a Amritsar ba ya son makaranta. Ya faɗi jarrabawar kammala sakandare fiye da sau ɗaya, kuma Urdu na cikin darussan da ya faɗi.

Yana gab da cika shekara bakwai aka yi kisan gillar Jallianwala Bagh a garin nasu. A ranar 13 ga Afrilun 1919 sojojin da Janar Reginald Dyer ke jagoranta suka buɗe wuta a kan taron jama'a da ba su ɗauke da makami, a wani fili mai ƙuntatacciyar mafita. Hukumomin mulkin mallaka sun ce mutum 379 suka mutu, 'yan Indiya kuwa sun ce adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Labarin farko da Manto ya wallafa, mai suna Tamasha, a kan wannan rana ya gina shi, ta idon ƙaramin yaro da yake jin ƙarar harsashi bai san me ke faruwa ba.

Mutumin da ya juya rayuwarsa shi ne wani ɗan jarida, Abdul Bari Alig, wanda suka haɗu a 1933. Shi ya janye shi daga zaman banza ya ɗora shi a kan karatun marubutan Faransa da Rasha. Manto ya fassara littafin Victor Hugo a kan ranar ƙarshe ta mutumin da aka yanke wa hukuncin kisa, ya fassara wani wasan kwaikwayo na Oscar Wilde, ya kuma fassara labaran Rasha zuwa Urdu. A nan ya koyi taƙaita magana da barin labari ya faɗi abin da zai faɗa ba tare da wa'azin marubuci ba. A 1934 ya shiga Jami'ar Musulmi ta Aligarh, amma bai daɗe ba ya bari saboda likitoci sun ce yana da tarin fuka. Kundin labaransa na farko, Atish Paray, ya fito a 1936.

Ba'ar da ya tarar da wadda ya zo da ita

Raha ba baƙuwa ba ce a adabin Urdu. Tun a 1877 aka fara buga mujallar barkwanci ta Avadh Punch a Lucknow. Mawaƙi Akbar Allahabadi ya shahara da zambo ga 'yan boko masu kwaikwayon Turawa ido rufe. Patras Bokhari kuma ya yi suna da gajerun rubuce-rubucen ban dariya a kan haushin karnuka da dare da tsohon keke da zaman ɗaliban kwaleji. Irin wannan raha ta masu ilimi ce, ana yin ta a zaure a tashi lafiya.

Manto ya ɗauki rahar ya kai ta wuraren da ba a saba kai ta ba: tashar masu keken doki, unguwar karuwai, ofishin 'yan sanda, sansanin 'yan gudun hijira. Labarinsa mai suna Naya Qanoon, wato sabuwar doka, misali ne na farko-farko. Ustad Mangu mai keken doki ne a Lahore, bai yi karatu ba amma yana tsintar labaran duniya daga bakin fasinjojinsa, abokan sana'arsa kuma suna ɗaukarsa masani. Ya ji ana cewa ranar 1 ga Afrilu sabuwar doka za ta fara aiki, wato dokar mulkin Indiya ta 1935, sai ya sa a ransa cewa daga ranar Bature ya daina taka kowa. Da ranar ta zo ya fito da farin ciki, ya ci karo da wani sojan Ingila da ya taɓa wulaƙanta shi, ya lakaɗa masa duka yana ihun sabuwar doka. 'Yan sanda suka ja shi, suka shaida masa doka tana nan yadda take, suka kulle shi. Mai karatu yana yi wa Mangu dariya, amma ainihin waɗanda ake yi wa ba'ar su ne 'yan siyasar da suka sayar wa talaka takarda a matsayin 'yanci.

Bombay, Delhi da kotun farko

A 1936 Manto ya koma Bombay, birnin da yanzu ake kira Mumbai, cibiyar finafinan Indiya. Ya zama editan wata mujallar fim ta mako-mako mai suna Musawwir, yana kuma rubuta labarai da maganganun 'yan wasa ga kamfanonin fim. Ya auri Safia a 1939. A 1941 ya karɓi aiki a sashen Urdu na gidan rediyon All India Radio a Delhi, inda ya rubuta wasannin kwaikwayo na rediyo masu yawa a cikin ɗan lokaci, tare da marubuta irin su Krishan Chander da Upendranath Ashk. A Delhi ɗin ne ɗansa na fari ya rasu yana jariri. A 1942 ya koma Bombay, ya yi aiki da kamfanin Filmistan, daga baya Bombay Talkies, ya ƙulla abota da jarumai Ashok Kumar da Shyam. Wannan ne lokacin da ya fi samun kuɗi da kwanciyar hankali a rayuwarsa.

A wannan zamani ne kuma shari'o'insa suka fara. Gwamnatin mulkin mallaka ta gurfanar da shi sau uku bisa tuhumar batsa, a kan labaran Kali Shalwar da Dhuan da Bu. A ɗaya daga cikin shari'o'in sun je kotun Lahore tare da marubuciya Ismat Chughtai, wadda ita ma ake tuhuma a kan labarinta Lihaaf. Hujjar da Manto ya riƙa kare kansa da ita ba ta sauya ba har ya mutu: shi dai yana rubuta abin da ya gani ne, idan labarin ya yi muni to al'ummar da ta haife shi ce ya kamata a duba.

Layin da ya raba ƙasa biyu

A tsakiyar Agustan 1947 Birtaniya ta tattara ta bar Indiya, bayan ta raba ƙasar biyu: Pakistan ga yankunan da Musulmi suka fi yawa, Indiya ga sauran. Lauyan Ingila da aka ba aikin shata iyaka, Cyril Radcliffe, bai taɓa zuwa Indiya ba kafin nan, kuma makonni biyar kacal aka ba shi. Layin da ya ja ya tsaga Punjab gida biyu, Amritsar ta faɗa Indiya, Lahore da ke maƙwabtaka da ita ta faɗa Pakistan. Mutum kusan miliyan 15 suka bar gidajensu. Ƙiyasin waɗanda aka kashe ya kama daga dubu 200 zuwa miliyan biyu. Musulmi da Hindu da mabiya addinin Sikh duk sun kashe, duk an kashe su.

Manto yana Bombay lokacin, kuma da farko bai yi niyyar tafiya ba. Sai wasiƙun barazana suka fara zuwa kamfanin Bombay Talkies saboda yawan Musulmin da ke aiki a can. Abin da ya fi girgiza shi ya faru ne tsakaninsa da amininsa Shyam. Sun saurari wasu iyalin Sikh da suka tsero daga Rawalpindi suna ba da labarin abin da aka yi musu. Bayan sun fito Manto ya tambayi Shyam ko yana jin zai iya kashe shi tunda shi ma Musulmi ne. Shyam ya amsa cewa yanzu kam a'a, amma a lokacin da yake sauraron labarin da zai iya. A Janairun 1948 Manto ya shiga jirgin ruwa zuwa Karachi, daga can ya wuce Lahore inda iyalinsa suka riga shi zuwa.

Baƙaƙen gefen shafi

A Lahore babu masana'antar fim da za ta ɗauke shi kamar ta Bombay. Abin da ya rage masa shi ne alƙalami. A 1948 ya fitar da Siyah Hashiye, wato baƙaƙen gefen shafi, ƙaramin littafi mai ɗauke da labarai 32 a kan rikicin rabuwar, wasunsu ba su wuce layi uku ko huɗu ba. A mafi yawansu bai faɗi addinin mai kisa ko na wanda aka kashe ba.

A ɗaya, 'yan sanda sun fara bincike gida-gida don ƙwato kayan da aka wawashe. Wani mutum da ya saci buhunan sukari biyu ya je jefa su a rijiya da dare, ya faɗa tare da na biyun ya mutu. Washegari mutane suka ɗebo ruwa suka ji shi da zaƙi, daga daren nan aka fara kunna fitilu a kabarinsa ana cewa waliyyi ne. A wani, an tsayar da jirgin ƙasa ana zaƙulo mutanen ɗaya addinin. Da aka kama wani za a yanka shi, sai ɗaya daga cikin maharan ya hana, dalilinsa shi ne kada a ɓata taragon da jini, a fitar da shi waje tukuna. A wani kuma, gungun masu zanga-zanga sun far wa mutum-mutumin Sir Ganga Ram, attajirin Hindu da ya yi wa Lahore ayyukan alheri. Wani ya haɗa tsofaffin takalma zai rataya masa a wuya, 'yan sanda suka harbe shi, aka garzaya da shi asibitin Sir Ganga Ram don a yi masa magani.

Littafin ya ɓata wa mutane rai ta kowane ɓangare. Ƙungiyar marubuta masu ra'ayin ci gaba, wadda ke da kusanci da 'yan gurguzu, ta zarge shi da yin wasa da gawarwaki, a 1949 kuma ta yanke hulɗa da shi. Masu ra'ayin riƙau kuwa sun daɗe da yi masa kallon marubucin batsa. Shi dai abin da yake nunawa shi ne mutanen da suka aikata wannan ta'asa ba dodanni ba ne. Maƙwabta ne masu kula da tsafta da cinikin riba da neman albarka, kuma sun shiga kisa ba tare da sun ajiye waɗannan ɗabi'u ba.

Sabuwar ƙasa, tsohuwar tuhuma

Pakistan ta gaji sashe na 292 na kundin dokar manyan laifuka daga Turawa, kuma da shi aka ci gaba da bin Manto. Labarin Khol Do, a kan uban da ke neman 'yarsa a sansanin 'yan gudun hijira, ya nuna cewa matasan sa-kai na ɓangarensu ne suka ci zarafinta. Gwamnati ta dakatar da mujallar Nuqoosh da ta buga shi na tsawon wata shida. Thanda Gosht, wanda mujallar Javed ta buga a 1949, shi ya jawo shari'a mafi tsawo. Mawaƙi Faiz Ahmed Faiz ya ba da shaida cewa labarin ba batsa ba ne, ko da yake bai yaba shi a matsayin babban adabi ba. A 1950 kotun majistare ta yanke wa Manto ɗaurin wata uku da aiki mai tsanani da tarar rupi 300. Ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi, sai gwamnati ta kai maganar babbar kotun Lahore, wadda ta sake samunsa da laifi ta tsaya a kan tara. Shari'a ta shida an yi ta ne a Karachi a kan Upar Neeche Darmiyan, labarin da ke yi wa wasu attajiran ma'aurata ba'a, aka ci shi tarar rupi 25. Duk da wannan jeka-ka-dawo bai taɓa zaman gidan yari ba.

Ba'arsa ga sababbin masu kuɗi ta fi ta kowa zafi. A labarin Shaheed Saz, wato mai ƙera shahidai, wani ɗan kasuwa da ya yi arziki da kayan da 'yan gudun hijira suka bari ya fara neman aikin lada. Da ya ji cewa wanda gini ya faɗo wa ya yi shahada, sai ya sayi tsohon gida da ke gab da rushewa ya cika shi da talakawa. A Titwal ka Kutta kuma, wani kare ne ke kai-komo tsakanin sansanin sojojin Indiya da na Pakistan a tsaunukan Kashmir. Kowane ɓangare ya ba shi suna da ƙasa, kowane ya zarge shi da leƙen asiri, daga ƙarshe suka taru suka harbe shi.

Wasiƙu zuwa ga Baffa Sam

Daga 1951 zuwa 1954 Manto ya rubuta wasiƙu tara zuwa ga Chacha Sam, wato Baffa Sam, laƙabin da ake yi wa gwamnatin Amurka. Ya sa kansa a matsayin ɗan ɗan'uwa matalauci mai ladabi da ke rubuta wa baffansa attajiri, yana yabonsa yana roƙonsa, kowane yabo da ƙaya a cikinsa. Ya kwatanta motocin Amurka da yunwar Lahore, ya roƙi a aiko masa da ɗan ƙaramin bam ɗin nukiliya, ya yi ƙorafin rashin kuɗin kan sarki. A ɗaya daga cikin wasiƙun 1954 ya yi hasashen cewa Amurka za ta ƙulla yarjejeniyar soja da Pakistan, kuma za ta ɗauki malaman addini masu zafin ra'ayi a matsayin maganin gurguzun Rasha. A watan Mayun shekarar ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar taimakon tsaro. Bayan Tarayyar Sobiyet ta mamaye Afghanistan a 1979, Amurka kuma ta riƙa tura makamai ga mayaƙa ta hannun Pakistan, masu karatu sun koma wa wasiƙun suna mamakin hangen nesan mai su.

Ina Toba Tek Singh yake?

Shekarunsa bakwai a Lahore na wahala ne. Shan giya da ya fara tun yana matashi ya zame masa jaraba. Yakan shiga ofishin mujalla ya zauna ya rubuta labari a take, a biya shi 'yan kuɗi kaɗan, yawanci su ƙare a kwalba. Iyalinsa sun dogara da taimakon dangi. An kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali na Lahore don raba shi da giyar, bai rabu da ita ba. Daga zaman asibitin ne ya samo labarin da aka fi saninsa da shi.

Toba Tek Singh sunan wani gari ne a Punjab, a ɓangaren Pakistan. A labarin, shekara biyu ko uku bayan rabuwar, gwamnatocin biyu sun yanke shawarar musayar mahaukata kamar yadda suka yi musayar fursunoni: Musulmi su koma Pakistan, Hindu da Sikh su koma Indiya. Labari ya isa asibitin Lahore, majinyata suka ruɗe. Idan jiya suna Indiya yau kuma suna Pakistan alhali ba su motsa ba, to ina Indiyar ta tafi? Wani ya hau bishiya ya ce a can zai zauna, ba ya son ko ɗaya daga cikin ƙasashen. Wani ya ce shi ne Muhammad Ali Jinnah, wani ya ce shi ne Master Tara Singh jagoran Sikh, aka kulle su a ɗaki daban-daban don gudun rikici.

A cikinsu akwai wani tsoho Sikh, Bishan Singh, wanda ya shekara 15 a tsaye ba ya kwanciya, ƙafafunsa sun kumbura. Tambayarsa ɗaya ce ga kowa: garinsu Toba Tek Singh yana Indiya ne ko Pakistan? Babu mai ba shi amsa tsayayya. A daren musayar, cikin tsananin sanyi a kan iyakar Wagah, jami'i ya shaida masa garin yana Pakistan, shi kuma Indiya za a kai shi. Ya ƙi motsawa, masu gadi suka ƙyale shi. Gab da fitowar rana ya yi ƙara ya faɗi ya mutu a ɗan filin da ke tsakanin wayoyi masu ƙaya na ƙasashen biyu, filin da ba na kowa ba. Duk tambayoyin da majinyatan suka yi masu ma'ana ne, shugabannin da ke waje ne ba su da amsarsu. Labarin ya fito a kundin Phundne a 1955, shekarar da marubucin ya rasu.

Bayan rasuwarsa

Watanni kafin mutuwarsa Manto ya rubuta kalmomin da yake so a sa a kan kabarinsa, cike da irin ba'arsa da yabon kai. Iyalinsa sun ga za a ɗauke su a matsayin saɓo, suka sa wasu daban. An binne shi a maƙabartar Miani Sahib ta Lahore. Ya bar kundin gajerun labarai 22, da ƙagaggen labari ɗaya, da tarin wasannin rediyo da maƙaloli, da littafin Ganjay Farishtay inda ya zana mashahuran mutanen da ya sani ba tare da yi musu kwalliya ba.

Marubutan raha da suka yi tashe a Pakistan bayansa, irin su Ibn-e-Insha da Mushtaq Ahmad Yusufi, kowa ya bi salonsa, amma duk mai rubuta gajeren labarin Urdu a kan rikicin addini ko munafuncin manya da Manto ake auna shi. A 2005, cikar shekara 50 da rasuwarsa, hukumar gidan waya ta Pakistan ta fitar da kan sarki mai hotonsa. A 2015 Sarmad Khoosat ya yi fim a kan rayuwarsa a Pakistan, a 2018 Nandita Das ta yi nata a Indiya, inda jarumi Nawazuddin Siddiqui ya fito a matsayinsa. Hukumar tace finafinai ta Pakistan ba ta bari an nuna na Indiyar a gidajen siliman ƙasar ba.